Baƙin Tabaraun Ilu

Mahauci ya ɗaga kujerar ƙarfe ya rafka wa Jan Bijimi a ka, jini ya wanke fuskar Baturen, gidan bidiyon Hayatu ya kaure da ihu. Affan ya haye benci yana naushin iska. Dole ya yi ihu, keken ɗinkin matarsa ya sa a kan Mahauci.

Shekarar da aka rufe gari ce, kasuwannin Douala a garƙame, tayoyi na ci da wuta a mararrabar New Bell. An sallami Affan daga aikin akawu tun watan azumi, abin da matarsa Zulfa ta ɗinka shi suke ci. Maza ba aikin yi, sai su taru ranar Lahadi bayan la'asar a rumfar katakon Hayatu, su biya kuɗin shiga, su kalli kokawar Turawa. Hayatu ya kafa farantin tauraro a kan rufi, ya rubuta da alli a ƙofa: kai tsaye daga Amurka. Farantin kuwa ɗan albarka ne, ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya hotonsa ba ya ko motsi. Ɓoɓɓo, ƙanin Hayatu, shi ke karɓar caca a bakin ƙofa, kuma ba a taɓa ganin mai sa'a irinsa ba.

Sai ga Ilu, baƙo daga Najeriya, mako uku da saukarsa, ba wanda ya san inda yake kwana. Kullum yakan shigo riƙe da hannun amininsa Iro, mai sayar da atamfa a kasuwar Marché Congo, baƙin tabarau a fuskarsa ko a duhun rumfa. Bai san sunan ɗan kokawa ko ɗaya ba. Amma kowane ƙato yana da kiɗan da ake sakar masa in zai shigo fili, a sake sakar masa in ya yi nasara. Ilu sai ya karkata kai, ya ji na farko, ya ji na biyu, ya ce, "Mai kiɗan farko ne." Faɗa goma sha huɗu bai kuskure ba. Shi bai taɓa sa ko dala ba, amma mutane suka fara bin bakinsa, sa'ar Ɓoɓɓo ta soma yoyo.

Abin ya tsaya wa Affan a wuya. Shi da ya cika littafi guda da lissafin wa ya kayar da wa, a ce mutumin da ko gaisuwar Faransanci bai iya ba ya fi shi? Ilimi ya ce ba mai cin sa'a sau goma sha biyar a jere. Ana gobe babban faɗan kambu, Hayatu ya ja shi gefe.

"Grand, babban yaya, kai mai boko ne. Dubi ƙirjin Mahauci mana. Wa zai kayar da wannan?"

Affan ya jira Zulfa ta tafi gidan suna, ya saɓo kan keken a kafaɗa, ya dire shi gaban Ɓoɓɓo. Ba shi kaɗai Hayatu ya ja gefe ba, rabin rumfar Mahauci suka bi. Da aka saki kiɗa, Ilu ya ce na biyu ne, wato Jan Bijimi. Affan ya ja tsaki.

Yanzu ga Jan Bijimi kwance cikin jini, alƙalin wasa ya buga ƙasa sau biyu. Kafin na uku ƙaton ya zabura, ya shaƙe Mahauci, ya ɗaga shi sama ya maka a kan tebur, teburin ya rabe biyu. Ɗaya, biyu, uku. Aka saki kiɗa na biyu. Ɓoɓɓo ya ja keken ya tura ƙarƙashin kujerarsa. Me Affan zai gaya wa Zulfa?

"Tabaraun nan ne!" Hayatu ya ɗaga murya daga bayan akwatin talabijin. "Asiri ne a ciki, gobe yake gani da shi! Ya cuce ku!"

Mutanen da suka yi wata shida suna neman wanda za su daka ba su nemi hujja ba. Affan ne ya fara. Ya karya ƙafar benci ya sauke wa Ilu a kafaɗa, aka ji ƙashi ya amsa. Aka fizge hannun Ilu daga na Iro. Iro yana cewa, "Ku tsaya, ku ji, bawan Allahn nan..." wani ya rufe masa baki da naushi, haƙora biyu suka faɗo. Aka ja Ilu ƙasa zuwa bakin kwata, ana ƙafa ana sanda. Bai kauce wa duka ko ɗaya ba. In ya kare hagu, ta dama take zuwa. Wani yana ihun a kawo taya, Hayatu da kansa ya tafi neman fetur.

Affan ya danne ƙirjin Ilu da gwiwa, ya fizge tabaraun, ya ƙwama a fuskarsa don ya ga abin da ya cinye masa keke. Bai ga komai ba sai duhu, roba ce ta bakin titi. Ya cire, ya dubi mutumin da ke ƙarƙashinsa. Idanu biyu farare fat, sun daɗe da mutuwa. Ƙafar bencin ta suɓuce daga hannunsa, kunya ta rufe shi.

"Malam," in ji Affan, "to da me kake gani?"

Ilu ya tofar da jini, ya juya fuska inda ya ji muryar.

"Ni ban taɓa cewa ina gani ba, ɗan'uwa. Ɗakin da nake kwana yana bayan bangon katakon nan ne, kuma tun ranar Talata nake jin Hayatu da ƙaninsa suna kunna kaset ɗin faɗan nan."