Shekarar da Raɓa Ta Daskare a Tsaunin Papua

Ka ce mini nisa ne ya hana ka leƙa ƙanin mahaifinka shekara uku, wai ai kuna gaisawa ta waya. To, gyara zama in ba ka misali, ka ji abin da ake kira nisa.

Can a tsibirin Papua akwai wani ƙauye a kan tsauni, tsakiyar kurmi, inda hazo ke wuni a ƙofar ɗaki. Babu hanyar mota, babu kasuwa, asibiti kuwa sai dai a ji labari. Abincinsu dankali ne, irin namu na Hausa, safe da yamma. Dukiyarsu alade, kuma kada ka yamutsa fuska, yadda Bafulatani yake ji da saniyarsa haka suke ji da shi. Ba su san rumbu ba, don damshin wurin ba ya barin a ajiye komai. Ƙasa ce rumbunsu: mace ta tono na yau, ta bar na gobe a cikin kunya. Suna da wata al'ada. Kowane gida na kan tsauni yana da gidan amini a kwari, tafiyar kwana uku. Duk shekara, idan wata ƙwaya mai maiƙo ta nuna a itatuwan kan dutse, sai a kyafe ta a wuta, a cika jakar raga, a rataya igiyarta a goshi, a gangara a kai wa aminin. Shi kuma ya ware maka 'yan kunyoyi a gonarsa, ko kana bukata ko ba ka bukata. Tsofaffinsu sun ce akan yi shekarar da sanyi ke kashe dankalin kan tsauni, kwari kuwa ba ya rabo da ɗumi.

A ƙauyen nan akwai wani manomi mai ƙwazo, da matarsa, da 'ya'ya uku, da tsohuwarsa. Ya gaji amini daga mahaifinsa, aminin kuwa wani dattijo ne mai son mutane. Bayan rasuwar uban ya gangara sau biyu. Hanyar kuwa ba ta wasa ba ce: santsi, matsattsaku na shan jinin ƙafa, ga gadar igiyoyin kurmi tana lilo a kan kwazazzabo. Shekara ta uku gwiwarsa ta kumbura, sai ya ba maƙwabcinsa saƙon gaisuwa. Ta huɗu matarsa ta haihu. Ta biyar babu wani dalili, kawai dai ya ɗanɗana daɗin aike. Ni ban ga muguntarsa ba, ɗan Adam ne kamar ni da kai, kullum yana cewa baɗi zai je da jaka biyu. Abin da bai sani ba, maƙwabcin nan nasa aminin a wani ƙauye yake daban, kuma ya gaji da ratse hanya don gaisuwar da ba ta da nauyi. Ba ya ko isa gidan dattijon, sai ya dawo ya ce wa manomin ana gaishe shi, shi kuwa ya ji sanyi a ransa.

Ana nan har shekara ta tara. Ruwa ya ɗauke, sama ta yi wasai, wata safiya suka tashi suka tarar raɓa ta daskare a kan gonaki fari fat. Kafin kwana biyu ganyen dankali ya yi baƙi, kafin mako biyu na cikin ƙasa ya fara ruɓewa. Gari ya watse, kowa ya nufi gidan amininsa. Manomin ya goya tsohuwarsa, matar ta ɗauki ƙaramin yaro da ɗan abin da ya rage, suka yi kwana biyar a hanyar kwana uku. Yara tun suna kukan yunwa har suka yi shiru, kuma shirun ya fi kukan tayar masa da hankali.

Da suka isa bakin shingen gidan, ya ɗaga murya ya kira sunan dattijon har sau uku, yadda ake sallama a wurinsu. Su mutanen nan ba sa kiran sunan mamaci da ƙarfi, dattijon kuwa ya shekara biyu a ƙasa. Wani matashi, ɗan dattijon, ya fito fuska a ɗaure yana tambayar ko wane ne wannan, don yana ƙarami rabonsa da manomin. Kunya ta rufe manomin har ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Ba su kore shi ba. Matar marigayin ta fito, ta gasa wa yaran dankali a toka, ta tsaya har suka ci. Sannan ta dubi manomin ta ce, "Ɗana, kowace shekara sai ya ware maka kunyoyinka, ya hana kowa taɓawa. Da ciwo ya kwantar da shi, hanya yake kallo. Bayan mun binne shi na ba da kunyoyin ga wani gida daga ɗaya tsaunin, su da suka zo makoki. Ga su can, mutum goma sha ɗaya suna ci."

Aka nuna masa wani gefe mai tsakuwa a bakin kurmi, aka ba shi yaɗon dankali ya dasa, dankali kuwa sai ya yi wata biyar kafin a tona. Wata biyar ɗin nan, wannan mutum da gonarsa ta fi ta kowa a kan tsauni, yana bin gidaje yana yi wa baƙin fuska noma don a ba iyalinsa na yini ɗaya. Tsohuwarsa ba ta ga tonon dankalin ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunta a ƙafa take.