Ginshiƙin da Mailafiya Ya Lanƙwasa

Duk unguwar Tandabawi ta Makka an san Mailafiya ya taɓa zuwa ƙasar Yunan, wato Girka, ya shiga kufan ɗakin gumakansu, ya lanƙwasa musu ginshiƙi da ƙafa ɗaya. Shi ya faɗa. Yakan kuma sake faɗa wa duk wanda ya daɗe a rumfarsa fiye da tsawon sallama.

Sana'arsa liƙin garwa. Ɗaso dillaliya ke bin gidaje tana sayo masa tsofaffin garewani, na mai da na cuku, ya wanke su da toka, a cika da zamzam, ya liƙe bakin da dalma saboda alhazai masu komawa gida. Tun kafin a fara aikin faɗaɗa Harami yake zaune a nan, garwa tsakanin gwiwoyi, ido a kanta. Ko Jidda ba ya son zuwa. Wai warin teku yana tuna masa wahalar da ya sha a jirgin da ya yi wa aikin kuku.

Sai ga maganar Hure, bazawarar da ke wanki da guga a gidan wani attajiri mutumin Sham. Ta gaya wa kawunta Isufu, wanda shi ne waliyyinta, cewa ta riga ta binne miji ɗaya da bai san ko'ina ba sai masallaci da kasuwa. Wannan karon wanda ya ga duniya take so, ko don hira.

Masu nema biyu ne, Mailafiya da Rabi'u direban bas. Isufu ya kira su ranar Juma'a bayan la'asar, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora shayi, Hure na bayan labule.

Rabi'u ne ya fara. Ya je Sham da gaske, abin da ya cuce shi ke nan, domin ba shi da labari sai na tayar da ta fashe da ruwan injin da ya tafasa. Kafin ya isa Dimashƙu, Isufu ya yi hamma har an ga dasashinsa.

Mailafiya ya gyara zama, ya kurɓi shayi kamar mai jin nauyin tuna baya.

Ya ce jirginsu ya tsaya ɗaukar kaya, shi kuwa ya hau dutse shi kaɗai. A can ƙoli ya tarar da ginshiƙai farare a jere, rufi ya zube, gumaka duk sun gudu sun bar gida ba ko mai shara. Babu mutum, babu tsuntsu, ganye ma ba ya motsi. Sararin samaniyar ƙasar kuwa rawaya ne, kamar ƙwanduwar ƙwai. A saman ginin ga reshen zaitun ya sunkuyo, kowane ɗa ya kai girman kan rago. Wurin ko'ina ƙamshin mai, in ka shafa ginshiƙi sai hannunka ya yi santsi.

"To bayan ginin fa, ya sheikh?" in ji Rabi'u. "Me ke can?"

"Rubutu ne kawai, na kafirai, daga sama har ƙasa. Ni da alwalata zan tsaya karanta shi?"

Isufu ya jinjina kai.

Daga nan Mailafiya ya kawo inda ya fi so. Ya ce kishin addini ne ya taso masa, ganin inda aka yi shekaru ana durƙusa wa dutse. Ya ja da baya, ya yi bisimilla, ya kai wa ginshiƙi ɗaya hauri. Ginshiƙin da mutum goma ba sa iya rungume shi ya lanƙwashe kamar kara. Har gobe yana nan a karkace, Turawa na zuwa suna ɗaukarsa hoto suna cewa girgizar ƙasa ce.

"Masha Allah," in ji Isufu. "Da wace ƙafar?"

"Ta dama, Kawu. Ita ce har yau take min ciwo in sanyi ya shigo."

Isufu ya dubi ƙafar da girmamawa. Rabi'u ya fara laluben takalmansa. Tsohon ya gyara murya, ya ɗaga tafin hannu zai sa albarka, sai aka yi tari a bayan labule.

"Malam Mailafiya," in ji Hure, murya ƙasa-ƙasa, "wane ginshiƙi ne a cikinsu?"

Zuciyarsa ta yi fari. Mace ta fara tambaya, magana ta ƙare.

"Na uku daga dama."

"A daidai tsakiya? Har farinsa ya ɗan ɓare?"

"Wallahi kamar kina wurin."

Aka ji ana jan wani abu a ƙasa. Gefen labule ya ɗaga, garwar man zaitun ta fito, irin wadda ake kawo wa gidan mutumin Sham, ta tsaya a gaban Isufu. A jikinta ga samaniya rawaya, ga reshen zaitun mai manyan 'ya'ya, ga ginshiƙai farare a jere, kowanne a miƙe sambal.

"Ai ina wurin," in ji Hure. "'Yar'uwar wannan ce na sayar wa Ɗaso bara, kuma ni na lanƙwasa maka ginshiƙin, da taɓarya, ranar da akuyar maƙwabta ta sa kai a ciki."