Masu Dubiyar Kwalba

Tun da na'ura ta karɓi aikin tiyata aka daina zuwa dubiya a garin. A yanka mutum da safe, ya ci abincin rana a gidansa, ko tabo babu.

Ranar da aka ciro wa Baba Tanimu ƙarin ciwon daji daga ƙaramin hanji, ya dawo ya shimfiɗa tabarmi a zaure, ya yayyafa wa goro ruwa, yadda ya ga ana yi yana yaro. Ba wanda ya yi sallama. Ya kira 'yarsa Lantana a waya.

"Baba, ai yanzu kamar aski ne," in ji ta. "Allah ya ƙara sauƙi, ina wurin aiki."

Da la'asar wata malamar asibiti ta bugo. "Baba, ƙarin naka ba a cika ganin irinsa ba, daga tsokar hanji ya tsiro. Likitoci na ta zuwa kallonsa a kwalba, har daga Damagaram."

"Suna da yawa?"

"Ɗakin ya cika."

Sai ya sa babbar riga ya tafi asibitin, ya nemi kujera kusa da kwalbar ya zauna, ko wani zai juyo ya ce masa ya jiki.