Tafintan Alhaji Ma'azu

Likitan ido ya ce su dawo bayan awa biyu. Ukasha da mahaifinsa suka fito titin Dokki, rana ta take.

Kwana tara ke nan da zuwan Alhaji Ma'azu Alƙahira, an yi masa aikin yanar ido, gobe da safe zai koma gida. A kwanakin nan hirarsu ba ta wuce ta magani da lokacin salla ba. Dama ba su saba ba. Ukasha a hannun kakarsa ya tashi a Gumel, uban kuwa yana can kamfanin ƙarafa a Kogi, sai da salla ake ganinsa. An ce ya yi boko har ƙasar waje da ƙuruciya, amma a gidan ba a tambayarsa komai.

Akwai maganar da Ukasha ya kasa faɗa. Shekara uku ke nan da ya auri Mahasin, 'yar Sudan, ba da sanin gida ba, har suna da 'ya mace a unguwar Abbasiya, nan Alƙahira inda yake zaune. Shi ya sa ya sauke uban a ɗakin wani abokinsa. Kullum zai ce yau, har ya daina jin komai a ransa. Idan jirgi ya tashi gobe, ya san ba zai ƙara iyawa ba.

Suna cikin tafiya tsohon ya tsaya a ƙofar wani zaure na Rashawa, inda aka manna takardar fim. Ya daɗe a gabanta da baƙin tabaraunsa.

"Mu shiga," in ji shi.

Ukasha ya ɗauka sanyin ciki yake nema.

Mutanen ciki ba su kai goma ba. Fim ɗin na wani tsoho ne da ɗansa da ya zo daga birni, suna zaune a ɗaki guda, ƙanƙara ta rufe taga, kowa na kallon kofinsa. Da Rashanci suke magana, fassarar Larabci na wucewa a ƙasa.

"Idona ba ya kama rubutun," in ji uban.

"Bari in riƙa gaya maka, Baba."

Ya matsa kusa da kunnensa, kusancin da bai taɓa yi ba. Da farko ya bi rubutun daidai. Ɗan yana so a sayar da gidan ƙauye, tsohon ya ƙi. A wani wuri Alhaji ya yi ɗan sauti ta hanci tun Ukasha bai buɗe baki ba, kamar tari ya so kama shi.

Can ɗan da ke cikin fim ɗin ya miƙe ya juya wa ubansa baya, ya shiga doguwar magana. Ukasha ya dubi rubutun, sai ya ji bakinsa yana faɗin wani abu dabam, muryarsa ba ta ko rawa.

"Ya ce ya yi aure bai gaya masa ba. Ya ce yana da 'ya, ta fara tafiya, ba ta san kakanta ba. Ya ce ba raini ba ne. Bai san yadda ake yi masa magana ba ne."

Ukasha ya saci kallon mahaifinsa. Haske kawai ke wasa a kan tabarau.

Tsohon fim ɗin ya amsa da kalma uku ko huɗu. Ukasha bai ma karanta ba, ya faɗi amsar da ya daɗe yana jira.

"Ya ce daga yau ba shi da ɗa."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce, Baba."

Daga nan ya koma bin rubutun har aka kunna fitilu. Bai ji sauƙi ba, bai ji tsoro ba. Ya faɗa, kuma bai faɗa ba. Shi ke nan.

A waje ya ɗaga hannu zai tsayar da tasi. Uban ya riƙe masa hannun riga, ya cire tabarau, ya dube shi da idon nan da bai gama warkewa ba.

"Tsohon nan cewa ya yi a zuba masa shayi. Shekara shida na yi karatu a ƙasarsu, Ukasha, kuma ba wanda ya ambaci jika a fim ɗin nan sai kai. Ya sunanta?"