Sakata Ta Waje

Mai walda bai gama zaro tef ɗinsa na awo ba Baba ya kore shi. Shekara hamsin yana aikin kafinta, ƙofofin rabin unguwar daga hannunsa suka fito, sannan a shigo masa da ƙofar ƙarfe cikin gida yana numfashi? Ya ce ko ta kejin kaji ce, shi zai yi ta.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita kaɗai ta rage tana fama da gidan. Ta daɗe tana kallon ƙasa kafin ta faɗi irin ƙofar da ake so. Ta ɗakin baya ce, mai kauri, babu mariƙi ta ciki, sakata ta waje.

Baba ya yi ƙofofi iri-iri a rayuwarsa. Ya yi mai ƙyaure biyu ta masu hali, ya yi mai gilashi ta ofis, ya yi ta falanki uku wadda talaka ke tokarewa da dutse. Dukkansu, wanda ke ciki ne yake riƙe da sakata. Wadda ake kullewa ta waje kawai, ya san ta: ta sito ce, ko ta awaki.

Dama ya sha jin ƙus-ƙus ɗin Auta a waya da yayyenta maza, waɗanda ke can nesa suna ba da umarni. Tsoho ya sake ficewa. An tsinto shi a bakin babban titi ba takalmi, saura ƙiris mota ta kwashe shi. Karo na uku ke nan. Tsoho ɗaya Baba ya sani a gidan, wansa, wanda yaran ke kira Baffa.

"Don Yaya ne ko?" in ji shi.

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba:

"Mutumin da ya goya ni. Shi ya fara ɗora hannuna a kan zarto. Yanzu shi za ku kulle kamar akuya."

"Baba, titin nan ba ya jiran kowa."

Ranar bai ci abinci ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san gaskiyarta. Washegari ya ce a kawo katako. In dai dole ne a rufe Yaya, to ba za a rufe shi da aikin ganin-dama ba.

Kwana shida ya yi a kanta, a tsakar gida, yana ɗingishi da ƙafar da aka naɗe masa. Ya ce ƙusa ya taka a wajen aiki, ko da yake ya kasa tuna yaushe. Fensir ya yi ta ɓace masa yana zagin jikoki, fensir kuwa yana maƙale a kunnensa. Amma hannun bai manta komai ba. Ya goge kowace kusurwa har ta yi santsi, don kada sartse ya shiga tafin mai bugawa. Ya lotsa kan kowace ƙusa. Ya huda ramukan iska a sama. Ya yanka 'yar taga ta miƙa kwano, ya auna ta da tsayin ƙirjinsa, tunda tsayinsu ɗaya da Yaya.

Auta tana zaune kusa. Da ya ajiye zarto sai ta ɗauke ta kai ɗakinta. Ya ce ta raina shi. Ta ce tsatsa take gudu.

Kullum da rana yakan raba abincinsa biyu, ya ce a kai wa Yaya. Kullum kwanon ya dawo yadda ya tafi. Fushi yake yi, in ji Baba, kuma yana da hujja. Shi ma da shi ne, ba zai ƙara kallon fuskar kowa a gidan ba.

Yayyen Auta ba wanda ya zo. Ɗaya ya ce aiki ya riƙe shi, ɗaya ya ce zuciyarsa ba za ta iya gani ba. Zuciyar Auta, da alama, da dutse aka yi ta.

A rana ta bakwai da hantsi suka kafa ƙofar, ita tana riƙewa, shi yana ɗaure hinji. Ya leƙa ɗakin ya ga an share, an shimfiɗa sabon zanen gado, an sa ƙarafa a taga. Ga buta, ga darduma, har da rediyo sak irin nasa. Ya ce to, aƙalla sun yi abin kai.

Bai taɓa miƙa ƙofa ba sai ya gwada ta daga ciki. Ya shiga, ya shafa katakon tun daga sama har ƙasa.

"Ja ki rufe, in ga ko tana cijewa."

Ta ja. Ƙofar ta zauna ɗas, ko ƙara ba ta yi ba.

"Zura sakatar."

Sai a karo na biyu sakatar ta shiga. Ya sa kafaɗa ya tura, ya sake turawa da dukan ƙarfinsa. Ko motsi. Ta ji shi yana 'yar dariya, irin wadda yake yi in aiki ya yi kyau.

"Wannan ko ƙato ba zai ɓalle ta ba. To buɗe, ki je ki lallaso shi. Ki ce masa ni na yi ta da hannuna, kada ya ji tsoro."

Auta ta jingina goshi da ƙofar, hawaye yana ɗiga a kan sabon katako.

"Auta? Je ki kira Baffanki mana."

Ta sauke hannunta daga kan sakatar, ta bar ta a zure. Shekara tara ke nan da rasuwar Baffa, tsoho ɗaya tak ya rage a gidan.