Fuskarsa Na Kallon Bango

Tun safe take ƙoƙarin tura hotunan kaya daga gida zuwa sabar da ke riƙe da shafin kamfaninsu, amma sabar ta ƙi barin ta shiga. Injiniyan kamfanin kaɗai ke iya rufe wa ma'aikaci hanya, kuma jiya-jiyan nan yayanta ya wanke shi tas a kan maganar aurensu. Ta suri kwamfutarta ta nufi ofis.

Ta same shi a ɗan ɗakinsa, shayinsa ya huce bai taɓa ba.

"Idan ka fasa ne, faɗa min da bakinka. Ba sai ka toshe ni ba."

Ya ɗago ya daɗe yana kallonta. "Kowa na toshe, har manaja. Wasu ne daga waje ke ta cankar kalmar sirrinmu. Yanzu sai da makulli, kowace kwamfuta da nata. Kawo taki."

Kunya ta rufe ta, ta zauna a hankali. Ya yi 'yan danne-danne, ya turo mata.

"Sa kalmar da za ta tsare makullin. Ke kaɗai za ki san ta."

Ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, kamar yadda yake yi wa kowa. Tana cikin bugawa ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na koma wurin Yaya da safe. Ya sauko. Ya ce in turo kawuna neman aurenki."

Yatsunta suka tsaya cak.

"Kin gama? In juyo?"

"Tukuna," ta ce, tana goge ido da bakin mayafi, alhali ta riga ta gama.