Ƙusoshin Kabad ɗin Inna

Ƙusar farko ta fita ba gardama, kamar dama jira take a kira ta. Kafinta ya duba hagu da dama, ya zare katako ɗaya daga bayan kabad ɗin, ya cusa a ƙarƙashin riga.

Kabad ɗin na marigayiya surukarsa ne, na itacen al'ul, jan katakon nan mai ƙamshi da ƙwari ba sa kusanta. Shi kaɗai matarsa ta gada daga Innarta. Ta kulle shi a ɗakin ajiya, ta ce ko ƙuda ya sauka a kai sai ya yi bayani.

Shi kuwa tun da ciwon baya ya sa ya rufe shago, wata bakwai yana kan kujera yana ƙirga layukan silin. Abinci ma sai an roƙe shi. Ran nan ya tarar da ɗakin ajiyar a buɗe, ƙamshi ya yafito shi.

"Ɗaya tak," ya ce. Kowa dai ya san ɗaya tak ɗin ɓarawo.

Ya yi mataji. Ya yi maratayin makullai. Ya yi ɗan akwatin allura da zare, ya goge shi da samfefa har ya yi santsi kamar kumatun jariri. Kowane mako katako ɗaya, kuma ƙusoshin suna zamewa sumul. Shi da ya shekara talatin yana faɗin cewa tsohuwar ƙusa ba ta fita sai da kuka, sai ya shafa gemu ya ce ashe hannun na nan.

Ƙamshin ne matsalar. Don ya toshe bakin ƙamshin, ya lafta wa akwatin shuɗin fenti, abin da ko makahon kafinta ba zai yi wa al'ul ba. Ya miƙa wa matarsa.

"Baban yara, ina ka samo katako?"

"Tsintuwa ce."

"Allah ya ƙaro tsintuwa," ta ce, ta karɓa da babban yatsa ɗaure da tsumma. Wai wuƙa ce ta yanke ta.

Cin abinci ya dawo. Da ya zare katako na bakwai, sai ga shi ana hango bango ta cikin kabad ɗin. Ya ce yau zai faɗa mata, ko da za ta shekara ba ta yi masa magana ba.

Da hantsi ya neme ta a kicin, babu. Filayarsa ma babu a akwatin kayan aiki. Sai ya ji ƙiiii daga ɗakin ajiya, kukan tsohuwar ƙusa.

Ya leƙa. Tana durƙushe a bayan kabad, ta zare ƙusa da filaya, ta ɗiga mata mai, ta mayar da ita raminta. Ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, "Wannan na mako mai zuwa ne, kuma don Allah ka daina shafa wa Inna shuɗin fenti."